Kabarin Girku Ba Shi Ne Ƙarshen Hanya Ba

Ran nan muna koyar da tarihin ekklisiya a aji, sai wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, idan Allah ne ya aiki mutum, don me zai bar shi ya mutu a hanya?" Mun san inda tambayar ta fito. Uban yaron mai bishara ne. Ya bar aikin albashi ya koma wani ƙauye, da damina gonarsa ba ta yi ba, ga ƙaramar 'yarsa a kwance. Har waɗansu masu bi sun fara cewa da Allah ne ya kira shi, da ba haka ba.

Labarin da mu ke karantawa a ran nan shi ne na samari uku da suka sauka a Ikko ran 4 ga Disamba, 1893: Walter Gowans, da Thomas Kent, da Rowland Bingham, wanda bai cika shekara 21 ba. Nufinsu su kai bishara ƙasar Sudan, watau sunan da a ke kiran ƙasashen da ke kudu da Hamada a zamanin nan. Ba wata ƙungiya mai ƙarfi a bayansu. Zazzaɓi ya kwantar da Bingham, ya tsaya a Ikko, sauran biyun suka nausa arewa. A 1894 Gowans ya rasu a Girku, cikin ƙasar Zazzau. Ba da daɗewa ba Kent ya rasu a Bida. A lokacin ba a tabbatar cewa sauro ne ke kawo wannan zazzaɓi ba, sai a 1897 aka gano. Bingham ya koma gida shi kaɗai, ba ekklisiya ko ɗaya, sai kaburbura biyu.

A 1900 ya sake zuwa. Cikin 'yan makonni ciwo ya sake kama shi, aka mai da shi gida. Duk wanda ya dubi al'amarin a ran nan zai ce ƙofa a rufe ta ke. Amma aka sake aiko waɗansu, a 1902 suka kafa tasha a Patigi, bakin kogin Kwara. Daga wannan ɗan iri aikin ya yaɗu, har a 1954 aka kafa ekklisiyar ECWA.

To, a wace shekara ce Allah ya fara kasancewa tare da su? A 1902 ne? Ko kusa. Yana tare da Gowans a Girku kamar yadda ya ke tare da waɗanda suka isa Patigi. Kuskurenmu shi ne mu kan auna nufin Allah da santsin hanya. In ciniki ya yi kyau mu ce ya yarda, in ya tsaya mu ce ya ƙi. Abokan Ayuba ma haka suka auna, Allah kuwa ya tsauta musu.

Ku buɗe Ayyukan Manzanni sura 16. Ta wurin wahayi aka kira Bulus zuwa Makidoniya, babu shakka a ciki. Da ya isa Filibi, shi da Sila, aka yi musu bulala aka jefa su kurkuku. Cikin wannan kurkuku ne yari ya ba da gaskiya, shi da iyalin gidansa duka. Biyayya ce ta kai su wurin, ba saɓo ba.

Ba mu ce kowace wahala shaida ce cewa mutum yana kan daidai ba. Akwai wadda ragwanci ko taurin kai ke jawowa. Don haka idan abu ya tsaya, mu bincika zuciyarmu a gaban Maganar Allah, mu nemi shawarar dattawa. In ciwo ne mu tafi asibiti, gama dogara ga Allah ba ta hana shan magani. In mun bincika muka ga ba mu kauce ba, sai mu ci gaba. Mai shuka giginya ya san watakila jikokinsa ne za su ci moriyarta, duk da haka ya kan shuka.

Abin da muka faɗa wa yaron ke nan. Muka ƙara da cewa ba mu san ranar da nauyin gidansu zai sauka ba, amma mun san Wanda ya aiki ubansa bai manta da sunan ƙauyen ba. Mu kuma, in akwai irin wannan iyali kusa da mu, kada mu je musu da zargi. Mu je da addu'a, da mudun dawa a hannu.

Ubangiji ya riƙe mu har wata mai zuwa. Amin.