Jigo Ba Kalma Ɗaya Ba Ne

Na san maganar wannan mako ba za ta yi wa wasu malamanmu na Hausa da ke cikin zauren nan daɗi ba. Su yi haƙuri, amma sai na faɗa.

Kwanakin baya na ɗauki littafin rubutun ƙanwata da ke ajin ƙarshe a sakandare, na buɗe inda aka yi musu darasin Shaihu Umar. Tambaya: mene ne jigon littafin? Amsa: haƙuri. Shi ke nan. Layi ɗaya, an ja masa jan biro. Na ce mata, haƙurin wa? Ta ce ita dai haka malam ya ce a rubuta, kuma shi ke kawo maki.

Jama'a, littafin da Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta, aka buga a 1934, a ce an naɗe shi cikin kalma ɗaya? Yaro ne aka sace, aka ƙetare Sahara da shi. Uwarsa ta bar gida nemansa, ita ma ta faɗa hannun masu bauta, ta sha wuya shekara da shekaru, ta rasu jim kaɗan bayan ta gan shi. Wa ya taɓa tambayar ɗalibai: me ya sa aka sa wa littafin sunan ɗan, alhali uwar ce ta fi ɗaukar nauyin labarin?

Ga wadda ta fi ci mini rai. Makau, mijin uwar Umar, an nuna mana shi mutumin kirki ne da fadawa suka yi wa ƙulli aka kore shi daga gari. To, a ina aka ƙulla masa sharrin? A kan harin kamo bayi da shi kansa ya je. Mutumin kirkin littafin ma yana kamo mutane! Shin marubucin ya la'anci bauta ne, ko ya ɗauke ta yadda mutanen zamanin suka ɗauke ta? Kawo hujja daga cikin littafin. Wannan tambaya kaɗai ta isa ta hana aji barci har a kaɗa ƙararrawa. Amma ba a yin ta, saboda ba ta da amsa guda da za a haddace.

Haka ake yi wa Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East. A ce jigo ramuwar gayya ce, a wuce. Ba wanda ke cewa: Zainab fa, wa ya nemi jin ta bakinta da gaske? Kyauta me ya yi da zai biya bashin da manya suka ci tun ba a haife shi ba?

Za a ce ai jarrabawar WAEC da NECO ce ta tilasta hakan, ga ɗalibai sun cika aji, ga littattafan ba su isa ba. Gaskiya ne, ban musa ba. Sai dai jarrabawa awoyi kaɗan ce, darasi kuwa shekara uku ake yi. Minti goma na gardama a kowane mako ba zai ka da kowa ba.

Abin da ya sa na kawo maganar nan zauren shi ne, cutar ta biyo mu. Mu ne ɗaliban jiya. An koya mana cewa jigo wa'azi ne da ake liƙa wa labari, shi ya sa mutum zai turo babi na farko ya rubuta a sama: "Labari mai faɗakarwa a kan illar kishi." Tun kafin a karanta an san kishiya muguwa ce, an san za ta haukace a babi na talatin. Ni ma labarina na farko haka na yi shi, da na sake karantawa bara sai kunya ta kama ni.

Ga aikin wannan mako. Kowa ya ɗauko labarin da yake rubutawa, ya fitar da tambaya ɗaya da 'yan aji biyu za su iya saɓani a kanta, kuma kowannensu ya sami hujja a cikin labarin. A ajiye ta a ƙasa. Wanda ya duba bai samu ba, shi ma ya faɗa mana, mu taru mu duba inda aka toshe.