Laifin Me Tsohon Kare Ya Yi?

Wai shin jama'a, wane irin rashin imani ne wannan? Mutum ya ɗauko kwikwiyo, ya shekara 10 yana yi masa gadi, da damina da hunturu yana bakin ƙofa. Ranar da ya tsufa ya fara gurnani yana kai wa yara cafka, sai a ce ya lalace, a hau shi da taɓarya, ko a kora shi bola. Wallahi abin nan yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Kare, musamman mai girman jiki, daga shekara 7 ko 8 ya kama hanyar tsufa. Gaɓoɓi su riƙa ciwo, haƙora su ruɓe, yana ta rufe ido, kunne ya yi nauyi. To duba mini nan, 'yar'uwa: yana barci, bai ji tahowar ɗanki ba, sai kawai ya ji an haye masa ƙugun da ke masa ciwo. Me kike so ya yi? Gurnanin nan shi ne kashedinsa. In kin dake shi don ya yi gurnani, gobe ba zai yi ba, cizo kawai za ki gani.

Masu cewa "ai kare ne", na san kun ji hadisin mutumin da Allah Ya gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa. Wancan ma karen hanya ne, ina ga wanda ya tsare muku dukiya?

Ku ware masa inuwa, ku shimfiɗa masa buhu, ku hana yara taɓa shi yana barci ko yana cin abinci. A jiƙa masa tuwon ya yi laushi. A kai shi asibitin dabbobi a duba baki da ƙafafu. Don Allah kada a ɗura masa Ibuprofen ɗinmu, yana lalata wa kare ciki da ƙoda.

Amma fa a kula. Karen da ya canza rana ɗaya, yana dalalar da miyau, yana cizon duk abin da ya samu, wannan ba tsufa ba ne, ana tsoron ciwon hauka. A rufe shi, a kira likitan dabbobi. Wanda ya ciza ya wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15, ya wuce asibiti a ranar. Ga allurar rigakafin da cibiyar Vom ta jihar Filato ke yi wa karnuka, amma maigida ya fi gane wa sanda. Yaushe rabon da ka kai naka?