Wane Irin Kansila Unguwar Sabo Ke Buƙata?

Masu iya magana na cewa, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Duk lokacin da zaɓen ƙananan hukumomi ya gabato, bangayen unguwar Sabo ta Ibadan sukan cika da hotunan 'yan takara, kowa da murmushinsa da alkawuransa. Abin takaici shi ne, da wuya ka ji an tambayi ɗan takarar kansila daga ina ya fito, kuma me ya taɓa yi wa unguwar kafin ya zo neman ƙuri'a. A ganina wannan tambaya ita ce ya kamata mu fara yi.

Sabo tsohuwar unguwa ce. Tun 1916 aka keɓe ta ga Hausawa, ta kuma bunƙasa da fataucin goro da shanu, har wani Bature masani, Abner Cohen, ya zauna ya yi nazarin rayuwarta, ya fitar da littafi a 1969. A yau akwai jikoki da tattaɓa-kunne da aka haifa a cikinta, suna jin Yarbanci kamar yadda suke jin Hausa, ba su da wani gida da ya wuce nan. Unguwa mai irin wannan tarihi ta fi ƙarfin a sayi ƙuri'arta da sabulu da atamfa.

Da yawa daga cikinmu mun raina kujerar kansila saboda ba mu san aikinta ba. Tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙaramar hukuma kula da kasuwanni da tashoshin mota da mayanka da maƙabartu, da kwashe shara, da gyaran magudanan ruwa da ƙananan tituna, da rajistar haihuwa da mutuwa, da sa hannu a harkar makarantun firamare da ƙananan asibitoci. Kansila shi ne bakin mazaɓarsa a majalisar da ke amincewa da kasafin waɗannan ayyuka. Bugu da ƙari, a watan Yuli na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, ta kuma haramta naɗa kantomomin riƙo a madadin zaɓaɓɓu. Ko da yake aiwatar da hukuncin ya yi ta jan ƙafa, ya ƙara wa kujerar daraja, ya kuma ƙara mata masu kwaɗayi.

To, yaya za a gane na ƙwarai? Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. A duba inda ɗan takara yake kwana: cikin unguwar, ko kuwa sai lokacin zaɓe yake leƙowa? A duba sana'arsa, domin wanda ba shi da abin yi, kuɗin kwalbati zai mayar abincin gidansa. A tambayi abokan cinikinsa ko yana riƙe amana. A tuna ko an taɓa ganinsa wajen aikin gayya ranar da kwata ta toshe da damina, ko ya taɓa bin sawun yaron unguwa da aka tsare ba da laifi ba. Duk wannan ba ya ɓuya, domin maƙwabta sun san kowa.

Wasu za su ce, ai mu dai namu muke so, ko yaya yake. Ina fahimtar wannan tsoro, musamman bayan rikicin kasuwar Sasa na watan Fabrairun 2021, wanda ya ci rayuka da dukiya mai yawa. Amma darasin da ke cikin wannan masifa shi ne, unguwa na buƙatar wakilin da Sarkin Hausawa zai saurara, shugabannin Yarbawa ma su saurara, wanda zai iya kashe wuta tun tana ƙarama. Idan namu ne amma ba ya iya tsallaka titi ya yi magana da mutanen Mokola, to amfaninsa kaɗan ne.

Tarihi ma ya nuna haka. A shekarun 1950 mutanen Inugu sun zaɓi Malam Umaru Altine, Bafulatani ɗan ƙasar Sakkwato mai fataucin shanu, ya zama magajin garinsu na farko a ƙarƙashin jam'iyyar NCNC. Zaman da ya yi da su da hidimar da ya yi wa garin suka duba.

A ƙarshe, ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai, mu da muka sami damar karatu, mu haɗa kai da dattawa da ƙungiyoyin matasa da na mata a riƙa kiran 'yan takara gaban jama'a, kowa ya faɗi abin da ya yi da wanda zai yi, a rubuta a ajiye. Ranar da ya dawo neman zagaye na biyu, sai a ɗauko takarda a karanta masa. Allah Ya ba mu shugabanni masu jin ƙanmu, amin.