Waiwaye: Kwana 41 Bayan Hukuncin Rukuba

Ranar 28 ga Afrilu, 1998, kotun soja ta musamman da ta zauna a barikin Rukuba, nan Jos, ƙarƙashin Manjo Janar Victor Malu, ta yanke wa mutum shida hukuncin kisa bisa zargin yunƙurin kifar da gwamnatin Janar Sani Abacha. Babbansu shi ne Laftanar Janar Oladipo Diya, mataimakin Abacha, sai Manjo Janar Abdulkarim Adisa da Tajudeen Olanrewaju. Manyan hafsoshin da jiya ake sara musu, ga su yau da ankwa a hannu, mari a ƙafa. Diya ya dage cewa gadar zare aka yi masa. Babu zancen ɗaukaka ƙara, amincewar majalisar mulkin soja kawai ta rage.

Nan take roƙon sassauci ya fara kwararowa daga ƙasashen waje da ƙungiyoyi irin su Amnesty. Gwamnati kuwa ta riga ta ɗanɗana kuɗarta a 1995, lokacin da ta toshe kunne ta rataye Ken Saro-Wiwa da mutum takwas a Fatakwal, ƙungiyar Commonwealth ta dakatar da Najeriya. Wannan karon ba a yi gaggawa ba. Kwana 41 bayan hukuncin, ranar 8 ga Yuni, Allah ya yi wa Abacha rasuwa. Janar Abdulsalami Abubakar ya mayar da hukuncin zaman kurkuku, a Maris 1999 aka saki Diya. Ya zo ya faɗi nasa ɓangaren a gaban kwamitin Oputa mai binciken take haƙƙin ɗan Adam, ya rayu har 2023.

Mutanen Filato sun san ɗaya fuskar wannan labari, sun kuma san zafinta. Bayan kisan Janar Murtala Muhammed ranar 13 ga Fabrairu, 1976, ba a cika wata guda ba aka harbe Manjo Janar Iliya Bisalla, ɗan Filato, tare da wasu da dama bisa zargin hannu a yunƙurin juyin mulkin. Ranar 15 ga Mayu aka harbe Joseph Gomwalk tare da Dimka, jagoran yunƙurin. Gomwalk ɗin da ya mulki Binuwai-Filato daga 1967 zuwa 1975, ya kafa jaridar Nigeria Standard, wanda yau ma'aikata ke shiga sakatariyar da ke ɗauke da sunansa kowace safiya. Har gobe akwai dattawa a Pankshin da Jos da ke rantsuwa ba shi da hannu. Ko sun yi gaskiya ko ba su yi ba, bakin alƙalami ya bushe, ba kotun da za ta sake sauraronsa.

Tsakanin Diya da Gomwalk, lokaci ne ya raba. Shi ne kuma abin da jakadun duniya ke nema tun Disamba 2007, da babban zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da ƙudurin dakatar da zartar da kisa da ƙuri'a 104, ƙasashe 54 suka ƙi, har da Najeriya. Mutane da yawa a nan suna jin kiran a matsayin katsalandan na Turawa, kuma ban raina hujjarsu ba. Wanda ya binne ɗansa a rikicin Jos na 2001 ko 2008 ko 2010, bai taɓa ganin makashin a gaban alƙali ba, yana da haƙƙin jin haushi idan aka fara da tausayin mai laifi. Sai dai dakatarwa ba yafewa ba ce. Malamanmu ma suna karantar da cewa shubuha tana kawar da haddi, kisasi kuma yana da ƙofar afuwa da diyya. Ga Nijar, maƙwabciyarmu, rabonta da zartar da kisa tun 1976.

Abin da ke damuna shi ne halin da muka tsaya a ciki, ba mu ga tsuntsu ba mu ga tarko. Tun 2004 kwamitin da Shugaba Obasanjo ya kafa, shi da ya taɓa zaman gidan yarin Jos, ya ba da shawarar a dakatar har sai an gyara bincike da shari'a. Ba a mayar da shawarar doka ba. Gwamnoni suna gudun sa hannu, ko da yake Edo ta rataye huɗu a 2013 da uku a 2016. Fiye da mutum 3,000 na jiran igiya a gidajen yarinmu, yawancinsu talakawa ne da babu jakadan da ya san sunansu. Gwamnan Filato yana da ikon sassauci a tsarin mulki, yana da kwamitin da ke ba shi shawara. A ɗauko fayil ɗin waɗanda ke gidan yarin Jos ɗaya bayan ɗaya, a duba wa ya samu lauya na ƙwarai, wa kuma aka ɗaure da bayanin da ya sa wa hannu a ofishin 'yan sanda kawai.