In an ɗaga mota, a auna amortisar

Manoma da makiyaya na Dakwaro, Tanut da Abalak sun san motocin da ke kai su kasuwa, irin su Hilux da Land Cruiser. Hanyar rairai ce da ramu. Don haka masu motoci ke zuwa garaji a ƙara lam ga rasor, mota ta yi tsawo, cikinta shi daina gugar ƙasa.

Amma sau da yawa ana mance amortisar. Shi ne ƙarhen nan mai kama da taɓarya, mai mai a ciki, kusa da kowace taya. Rasor ke ɗaukar nauyi, amortisar ke hana mota tsalle-tsalle. Yana miƙewa, yana takurewa, amma yana da iyaka.

In an ɗaga mota anka bar tsohon amortisar, ya zama gajere. Taya ta hwaɗa rami, sai shi miƙe har ƙarshe, shi riƙe ta sama, ba ta taka ƙasa. Kunnen da anka ɗaure shi ma yana iya karyewa. In kuma an sa wanda ya cika tsawo, ranar da anka loda hatsi da bisashe sai shi takure har ƙarshe, shi hwashe, mai shi zube. Kuɗi sun tahi banza.

Makaniki na ƙwarai yana awo sau 2. Shi kwance amortisar, shi ɗaga jikin mota har taya ta rabu da ƙasa, shi auna tsakanin kunnen sama da na ƙasa. Sa'an nan a danne mota har ƙarhen tayoyi shi taɓa robar tsaro, shi sake aunawa. Sabon amortisar in ya miƙe shi kai awon hwarko. In ya takure shi kasa awo na biyu da santimita 1 ko 2. Ana canza na dama da na hagu tare.

A duba tiyon birki kuma. In ya yi gajere, yana iya tsinkewa tsakiyar tahiya.

Motar da anka ɗaga ta hi saurin kihewa. Buhuhuwa masu nauyi su zauna ƙasa, kaya marasa nauyi bisa.

Mai shiga mota ma yana da ido. In ya ga mai yana tsiyaya jikin amortisar, ko mota tana ta lilo bayan ta wuce rami, shi gaya ma direba. Ranshi ne ke ciki. Rigakahi ya hi magani.