A bar duwatsun Kola da launinsu

A makon bikin matasa na 11 ga Fabrairu, na ɗebi 'yan ajina na ƙarshen firamare muka tafi kwazazzabon Kola, wanda ke 'yan kilomitoci kaɗan daga garin Gider a yankin Mayo-Luti. Daga Garwa tafiyar kusan kilomita 100 ce. Mun shirya tashi da sassafe, to amma kun san halin motar haya, ba mu isa ba sai da rana ta take tsaka. Yara suka gangara cikin kwarin suna ihu, suna shafa duwatsun da ruwa ya goge har suka yi santsi kamar bayan ƙwarya. Ni da abokin aikina muka yi ta ɗaukar hoto da wayoyinmu. Da na dawo gida na duba, wallahi raina ya ɓaci. Saman kowane hoto fari fat, ƙasansa baƙi ƙirin, yaran ma sai haƙoransu kake gani. Haka nan na daure na tura wa iyaye a zaurenmu na WhatsApp.

Bayan kwana uku wata ɗalibata ta zo da wayar yayanta tana murna. "Malam, ga shi Yaya ya gyara mana. Yanzu ya yi kama da na Amurka." Na karɓa na duba. Duwatsun sun koma ja wur, ga wani haske ya sauko daga sama kamar an kafa ginshiƙi. 'Yan aji suka ɗau tafi. Ni kuwa jikina ya yi sanyi, domin na gane abin da yaran nan suka koya a tafiyar: wai wurinmu ba shi da kyau sai an rina shi.

Abin da yayan nata ya kwaikwaya na san shi. Kwazazzabon Antelope ne da ke jihar Arizona, a ƙasar ƙabilar Navajo, wanda hotonsa ya cika fuskokin wayoyi da kwamfutoci. Dutsen can ja ne tun asali, kuma hasken nan mai kama da ginshiƙi yakan faɗo ne da tsakar rana a watannin zafi, har masu yi wa baƙi jagora kan watsa yashi sama don ya fito sosai a hoto. Namu na Kola baƙi ne da ruwan toka, ga farin yashi shimfiɗe a ƙasa. Kowanne da irin kyan da Allah ya ba shi. Ra'ayina shi ne, hotunanmu ba sa lalacewa don wurarenmu sun rasa kyau, ba kuma don wayoyinmu masu araha ne ba. Ba mu san haske ba ne, kuma ba mu da haƙurin jiransa. Maimakon mu koya, sai mu rufe kasawarmu da fenti.

Kwazazzabo na daga cikin wuraren da suka fi wuyar ɗauka. Idon mutum yana iya ganin bakin dutse da rana ke duka, ya kuma ga gindinsa da ke cikin inuwa, domin yana sauyawa nan take duk inda ka kai shi. Kyamara ba ta da wannan baiwa. Dole ta zaɓi ɗaya: in ta bi inuwa sama ya ƙone, in ta bi sama ƙasa ta yi duhu. Mu kuma a nan, wajen digiri 10 arewa da ikwaita, rana ba ta ɓata lokaci wajen hawa. Kafin ka ankara ta tsaya a ka, ta raba kwarin gida biyu, rabi wuta rabi dare. A daidai wannan lokaci muka iso, don haka laifin ba na waya ba ne.

Bayan mako uku na koma ni kaɗai, na kwana a Gider, na shiga kwarin da hantsi. Wayar nan dai ce, ban sake ta ba. Rana tana dukan saman bango ɗaya, hasken yana dawowa a hankali kan ɗaya bangon da ke inuwa. Wannan haske da ya dawo shi ne abin nema. A cikinsa ne na ga cewa dutsen da muke kira baƙi yana da jijiyoyi farare, da wuraren da suka yi shuɗi-shuɗi, da ramuka zagayayyu kamar tukwane inda ruwa ya yi ta juya tsakuwa shekara da shekaru.

Ga abin da na koya, kuma duk mai waya zai iya. Na farko, fitar da sararin sama daga hoton. Mafi yawan ɓarnar daga nan take zuwa. Sunkuyar da wayar, ka cika hoton da bangon da ke inuwa da yashin ƙasa, sai kyamara ta huta da zaɓi. Na biyu, in dole ne wuri mai rana ya shiga, taɓa wannan wurin a fuskar wayar, ka ja alamar hasken ƙasa har sai ka ga zanen dutsen ya fito. Hoton zai yi kamar ya yi duhu, kada ka damu. Inuwa ana iya ɗaga ta daga baya, amma wurin da ya ƙone fari ya tafi ke nan, babu manhajar da za ta dawo da shi. Na uku, yawancin wayoyi suna da abin da ake kira HDR, wanda ke ɗaukar hotuna da yawa a jere, wani mai haske wani mai duhu, ya haɗe su wuri guda. Yana taimakawa, amma sai ka jingina hannunka da dutse ka tsaya cik, kuma in yara suna guje-guje za su fito kamar fatalwa. Sannan ka goge idon kyamarar da gefen riga, ka yi mata rumfa da tafin hannu in rana na haskenta, ka bar jawo abu da yatsu biyu, ka taka da ƙafa ka matsa. Ka kuma tsayar da mutum ɗaya a ƙasa, don mai kallo ya san zurfin wurin.

Hazon hunturu ma da muke tsinewa abokin mai hoto ne a irin wannan wuri. Yakan tare zafin rana kamar an rataya farin mayafi, inuwa ta yi laushi, bambancin sama da ƙasa ya ragu.

Na san wani zai ce, to Malam, ai kowa na gyara hoto, wayar ma da kanta tana gyarawa kafin ta nuna maka. Gaskiya ne, kuma ni ma ina ɗaga inuwa, ina rage haske. Sai dai akwai iyaka. In ka gyara don hoton ya nuna abin da idonka ya gani kyamara ta kasa kamawa, ka yi adalci. In ka zuba launin da babu shi, ka kafa hasken da bai taɓa sauka a wurin ba, ka rubuta "Kola" a ƙasa, ka yi wa mai kallo ƙarya. Ɗan'uwanmu da ke Yawunde ko Duwala zai ga hoton, ya tara kuɗin mota ya zo neman jan dutse, ya tarar da baƙi, ya koma yana cewa an cuce shi. Wa ya yi asara? Mutanen ƙauyen da ke samun na cefane wajen raka baƙi.

Wani kuma zai ce, yara ba su da isassun bencina da littattafai, kai kana maganar hoto. Ina ajin, na fi kowa sanin haka. Amma wannan darasi ba ya cin ko dala. A kwalejin horon malamai an koya mana zaizayar ƙasa da zanen alli a allo, mu ma haka muke koyarwa. Ranar da na nuna wa yara hoton ramin nan mai kama da tukunya, na tambaye su me ya fafe shi, sai ga hannuwa a sama. Yaron da ya tsaya ya lura da inda inuwa take da hantsi da inda ta koma da azahar ya fahimci tafiyar rana fiye da wanda ya haddace ta. Kuma ko ba mu koya musu ba, wayar za ta shiga hannunsu. Gara su riƙe ta da sanin abin da suke yi.

Gargaɗi ɗaya kafin in rufe. Jiran haske ba ya nufin wasa da rai. Kola wurin rani ne, da damina kogin Mayo-Luti ne ke cika shi. A kwazazzabon Antelope ɗin nan da ake sha'awa, ambaliya ta kashe masu yawon buɗe ido 11 a watan Agustan 1997, alhali ruwan a can nesa aka yi shi, ya gangaro ya same su a ciki. In ka ga hadari ko da daga nesa ne, fito. Kuma kada ka shiga ba tare da ɗan gari ba.

Na buga hotuna biyu na manna a bangon aji, na yayan ɗalibata da nawa na hantsi, ban ce komai ba. Da aka tashi tara sai yarinyar ta tsaya gaban na biyun ta daɗe, ta sa yatsa kan wani farin zane a dutsen ta ce, "Malam, a nan na zauna na cire takalmi." A jan hoton ba ta iya gane wurin ba.

Iyaye da malamai 'yan'uwana, in rani ya zagayo ku kai yara Kola, ko duk wani kwari da ke kusa da ku. Ku dai yi sammako. Allah ya sa mu dace.