Teburin Basalona da Kalangun Damargu

Malamai ƴan uwana, da ku shugabannin ƙungiyoyin al'adu, ku gafarce ni in maganata ta yi zafi. A wani zama da muka yi nan Tarka kan yadda za a shigar da kiɗa makarantunmu, wani matashi ya nuna mana bidiyo a wayarsa: teburi mai haske, ana aza ƴan guntayen roba a kansa, sauti yana tashi. Kowa ya riƙe baki. Nan take aka ce a rubuta wa masu ba da tallafi su saya mana. Makaɗin da muka gayyata kuwa yana zaune a ƙasa bakin ƙofa da kalangunsa, ko kujera ba a ba shi ba.

Sunan teburin Reactable. Sergi Jordà da abokan aikinsa uku ne suka soma ƙera shi a 2003 a Jami'ar Pompeu Fabra ta Basalona, ya kuma yi suna a 2007 sa'ad da mawaƙiya Björk ta fita yawon waƙa da shi. Ba siddabaru a ciki. Kamara ce a ƙarƙashin gilashi, tana hango alamar da aka manna a gindin kowane guntu; kwamfuta ta gane inda yake da yadda aka juya shi, sai ta sauya sauti. In guntu biyu suka kusanci juna, su haɗu su yi aiki tare.

To, me ya sa aka yi wannan wahala? Domin masu kiɗan kwamfuta sun gaji da zurawa allo ido, suna son hannu ya koma cikin kiɗa, mai kallo ya ga abin da makaɗi yake yi. Wato abin da suka shekara suna nema shi ne muka bari a bakin ƙofa. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa!

Har ma kalangu ya fi. Kamara tana ganin wuri da juyi, amma ba ta jin matsi. Makaɗi kuwa da hammata yake matse tsarkiya, fata ta ɗaure, murya ta hau, ya saki ta sauka, har kalangu ya kira sunan mutum ya waiwayo. Ni da nake shan alli ina koyar da karin sauti, na sama da na ƙasa da faɗau, na san darasin da nake kwashe mako a kansa makaɗi zai gama shi kafin a kaɗa ƙararrawa. Abin da ya hana mu kiransa aji ba rashin kuɗi ba ne, raini ne: wai maroƙi ne.

Kada a ce ina ƙin na'ura. Manhajar da ke gane alamomin, reacTIVision, kyauta ce. Da kwali da gilashi da ƙaramar kamara ɗalibanmu za su iya harhaɗa nasu, in an samu wuta kuma ƙurar hunturu ta bar su. Sai dai wane sauti za su zuba a ciki? Wa ya naɗi gurmi da goge da shantu na Tanut da Balbaji, da yardar masu su, ya kuma biya su?

Marigayi Malam Mamman Barka, ɗan Taskar, malamin makaranta ne kamarmu. A 2002 ya tafi tafkin Chadi ya durƙusa gaban Bukar Tar ya koyi biram na Buduma, lokacin da saura ƙiris kayan kiɗan ya rasa mai kaɗa shi. Barka ya rasu a 2018. Ni dai ba zan sa hannu a takardar neman teburi ba sai ranar da na ga sunan makaɗin nan a jadawalin darussa, da ladansa a rubuce.